Taku Biyu Tsakaninka Da Shi: Yadda Ake Shiga Jikin Abokin Karawa, Da Ranar Da Bai Kamata Ka Shiga Ba

 Mu dai a layinmu kwana uku ke nan ba mu ga wuta ba. Idan kun ji ƙarar janareto a bayan muryata, na maƙwabcina mai walda ne, a yi mini uzuri.

Maganar yau wani yaro ne ya jawo ta. Ranar Asabar bayan mun tashi daga atisaye, ina zaune ina warware bandeji daga hannuna, sai ya zo ya tsuguna kusa da ni, leɓensa a kumbure, ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Duk wanda aka haɗa ni da shi ya fi ni tsawo. Kafin in kai gare shi ya ci fuskata sau uku, in na ja baya kuma ya biyo ni. Ko dai abin nan ba na gajeru ba ne?" Na yi dariya har ya ji haushi. Wallahi ba shi nake wa dariya ba, kaina na tuna. Waɗanda suka san ni a fili sun san ba a kirana in sauko da kaya daga kan kanta.

Shekarata ta farko a damben zamani, koci ya haɗa ni gwaji da wani da muke kira Falwaya. Sunan kaɗai ya ishe ku bayani. Turmi uku muka yi, ban taɓa ko rigarsa ba. Duk sanda na ɗaga ƙafa sai in ji tau a hanci. Hannunsa na gaba kawai yake miƙowa, wannan ɗan naushin da ake kira jab, ko gumi bai yi ba. Haushi ya ɗebe ni, na rufe ido na afka masa da gudu, ya goce kaɗan ya tarye ni da dama. Haɓo ya ɓalle, jini har kan singileti.

Da na wanke fuska, koci ya ce, "Zo nan, ɗan gajere." Ya ɗauki alli ya ja layi biyu a kan siminti, ya tsayar da Falwaya a can gefe. Ya nuna na farko ya ce, "Bayan wannan layin, ba ya samunka, ba ka samunsa. Nan gidan kowa ne." Ya nuna na biyu, wanda yake dab da ƙafar Falwaya. "In ka wuce wannan, goshinka na ƙirjinsa, dogon hannun nan ya zame masa kaya. Nan gidanka ne. Tsakanin layin biyu kuwa kasuwarsa ce, a nan take ci. Kai kuma tun ɗazu a tsakiyar kasuwar ka shimfiɗa tabarma."

Shekaru sun wuce, na ga koci iri-iri, na kalli faɗa ba adadi, amma ban ji wanda ya fi wannan bayani ba. Tazarar da ke tsakanin layin nan biyu ba ta wuce taku biyu ba. Duk shirin yau a kan takun nan biyu yake.

Bari mu fara da dalilin da ya sa tsakiyar take da zafi. Miƙaƙƙen naushi ƙarfinsa yana cika ne dab da ƙarshen miƙewar hannu, lokacin da ƙafa ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, nauyin jiki duka ya taru a kan dunƙulen hannu. In ya same ka kafin nan, bai gama nuna ba, ture ne kawai. In kana bayan nan, iska ya daka. To matsalar sabon shiga ita ce jikinsa yana ba shi shawarar banza. Idan ya ga naushi sai ya ja baya kaɗan, rabin taku, kuma wannan rabin takun shi yake ajiye fuskarsa daidai inda naushin ya nuna. Bai fita ba, bai shiga ba. Ko ka kasance can waje, ko ka kasance can ciki. Tsakiya wucewa ake yi.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambenmu na gargajiya ya ga wannan lissafin, ko da bai san shi yake kallo ba. Ku dubi tsayuwar ɗan dambe: ƙafa a ware, hannun da aka ɗaure da zare yana can baya a ɗane, shi ne mashi, ɗaya hannun kuma a miƙe gaba, tafi a buɗe, shi ne garkuwa. Mutane suna ɗauka garkuwar don tare naushi kawai take. Ma'auni ce. Da ita yake taɓa hannun abokin karawa, ya ture, ya danne, ya ji ko ya shigo inda mashi zai kai. Shi ya sa za ka ga an ɗauki lokaci ana zagaye, kalangu na tashi, 'yan kallo na ihu a yi a yi, su kuwa ko a jikinsu. Ba tsoro ba ne. Mashi ɗaya kowa ke da shi, in ka sake shi ya wuce a banza, kafin ka dawo da shi gefenka a buɗe yake, kuma a dambe hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Sau nawa kuka ji an ce turmi uku babu kisa? Yawanci mutum biyu ne da kowannensu ya ƙi yarda ya taka kasuwar ɗan'uwansa.

To ta yaya ake ƙetarewa?

Abu na farko da koci ya cire mini shi ne miƙa wuya. Gajere idan hannunsa bai kai ba, sai ya ranƙwafa gaba don ya ƙara tsawo, ƙafa na baya, kai na gaba. Ka kai masa kanka a faranti ke nan. Ƙafa ce take kai ka, ba ƙugu ba. Ta baya ta tura, ta gaba ta taka, ta bayan ta biyo nan take daidai gwargwadon abin da ta gaban ta ci, tsayuwarka ba ta canza ba. Kada ƙafafu su haɗe, kada su sarƙe, kada kanka ya wuce gwiwarka ta gaba. Wata guda na yi ina wannan taku daga bango zuwa bango ba tare da na kai naushi ko ɗaya ba. Na tsani watan nan. Yanzu shi nake sa yara, su ma suna tsanata.

Sai lokaci, kuma a nan ne ainihin sirrin yake. Ba ka shiga sanda ka ga dama, kana shiga ne sanda hannunsa yake da aiki. Duk hannun da ya fita dole ya koma gida. To ka raka shi. Ya miƙo jab, ka kauce ko ka kaɗe shi da tafinka, yana janyewa kana biye da shi kamar an ɗaure ku da igiya ɗaya. A ɗan wannan tsakanin, hannun bai isa ya sake fitowa ba, don bai gama komawa ba. Ranar da na fara samun wannan a jikin Falwaya, na tsinci kaina goshina a ƙirjinsa, na ma rasa abin da zan yi don mamaki. Shi ma ya rasa. Muka tsaya muna kallon juna har koci ya daka mana tsawa.

Kuma kai ba ya shiga ta layin da ya tsaya. Idan hancinka yana kan layi ɗaya da hannunsa tun daga farkon taku har ƙarshe, ko makaho zai same ka. Kana takawa kana sauke kai gefe, ta hanyar lanƙwasa gwiwa, ido na kan ƙirjinsa, haɓa a ƙasa, hannu a kunci. Wanda ya fi kowa nuna wannan shi ne Mike Tyson na farko-farko. Tsawonsa santimita 178 ne kacal, a ajin masu nauyi inda kusan kowa ya kere shi. Tsohon kocinsa Cus D'Amato ya gina shi a kan hannu biyu a fuska, kai na lilo hagu da dama, yana cin ƙasa yana matsowa. A 1986, yana ɗan shekara 20, ya gama da Trevor Berbick a turmi na biyu ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun masu nauyi na duniya. Matasa suna kallon bidiyonsa suna ganin ƙarfin naushi. Ku sake kallo, ku bar hannun, ku kalli kai da ƙafa. Sannan ku nemi faɗansa da Buster Douglas a Tokyo a 1990. Lilon kan nan ya ragu, yana shigowa a miƙe yana neman naushi ɗaya. Douglas, dogo mai dogon hannu, ya yi ta ajiye masa jab a fuska har idonsa ya kumbura, a turmi na goma ya kwantar da shi. Mutum ɗaya ne, ƙarfi ɗaya ne. Hanyar shigar ce ta lalace.

Akwai faɗa biyu da nake so kowane mai sauraro ya kalla a jere, don na san yawancinku kun san Anthony Joshua, ɗan Ingila mai asali da Sagamu. Watan Yunin 2019 a New York ya kara da Andy Ruiz, wani mai tumbi da aka kawo a makare bayan wanda aka shirya da shi ya faɗi gwajin ƙwayoyi. Joshua santimita 198, Ruiz 188, kuma in aka auna buɗewar hannu Joshua ya fi shi da wajen santimita 20. A turmi na uku Joshua ya kai shi ƙasa. To ku lura da abin da ya biyo baya. Ruiz ya tashi, Joshua ya ga nama, ya baro kasuwarsa da ƙafarsa ya shigo ciki don ya ƙarasa. Ciki kuwa gidan Ruiz ne, hannunsa gajere ne mai sauri. Ya sakar masa lanƙwasasshen hagu a gefen kai, ƙafafun Joshua suka daina jin magana. Sau huɗu ya sha ƙasa a daren, aka tsayar da faɗan a turmi na bakwai. Ba Ruiz ne ya ƙetare tazarar ba, kawo masa ita aka yi har gida.

Watan Disamba na shekarar suka sake haɗuwa a Diriyah, kusa da Riyadh. Joshua ya rage nauyi, ya ƙi tsayawa. Jab, ya matsa gefe, jab, ya zagaya, in Ruiz ya matso ya rungume shi har alƙali ya raba. Turmi goma sha biyu, ya karɓe kambunsa da maki. Wasu suka ce faɗan ba daɗi. Ni kuwa a wurina darasi ne, musamman kuskuren Ruiz: bin sa ya yi ta yi a baya kamar jela. Wanda yake zagaye ba a bin sa, tare masa hanya ake yi. Ya nufi hagunka, ka taka hagu ka riga shi isa inda za shi, fili ya yi ta ƙanƙancewa har bayansa ya taɓa igiya. Duk wanda ya taɓa kama kaza a tsakar gida ya san wannan. In ka bi ta a baya sai ku wuni, in ka tare ta zuwa lungu an gama.

Wani abin kuma, kada ka shiga hannu rabbana. Ba wa idonsa aiki. Ka jefa jab ko da ba zai kai fuska ba, ka nufi ƙirji ko safar hannunsa, biyu a jere, kana takawa da kowanne. Ko ka motsa kafaɗa kamar za ka, ka ga me zai yi. In ya saki hannu, ga ƙofarka. Royce Gracie, ɗan Birazil ɗin da ya ci gasar UFC ta farko a Denver a 1993, da ɗan shuri yake yi. Siriri ne, bai fi kilo 80 ba, zai ɗaga ƙafar gaba ya ɗan tokari gwiwar mutum, hankali ya koma ƙasa, sai kawai ka gan shi ya rungume ƙugu an zube. Wanda ya fara karawa da shi a daren, Art Jimmerson, ɗan damben zamani ne, kuma abin dariya da safa ɗaya ya shigo fili, sai ka ce ɗan Guramaɗa ne ya ɓata hanya. Bai samu ya yi amfani da ita ba. Royce ya kayar da shi, ya hau kansa, bawan Allah ya buga ƙasa ya sallama. Faɗa uku Royce ya ci a dare ɗaya, duk da dabarar ƙin tsayawa a inda naushi yake nuna.

Kar ku ce na yi muku tallan shiga ban faɗi farashi ba. Shiga caca ce, kuma manya ma suna faɗuwa. Jose Aldo ya shekara goma ba a ci shi ba. A Disambar 2015 ya zabura kan Conor McGregor a miƙe, McGregor ya ɗan ja baya ya tarye shi da hagu, daƙiƙa 13 aka tashi. Ƙarfin naushin da ya kwantar da shi, rabi nasa ne, shi ya kawo shi da gudunsa. Ben Askren ɗan kokawa ne da ya je gasar Olamfik, ba a taɓa cin sa a faɗan MMA ba, kowa ya san da an fara zai sunkuya ya nemi ƙafa. To kowa ya sani, har da Jorge Masvidal. A Yulin 2019 ana cewa a fara, Masvidal ya sheƙo da gudu ya tashi sama da gwiwa, Askren ya sunkuya kamar yadda ya saba, kai ya haɗu da gwiwa. Daƙiƙa biyar. In ƙofa ɗaya kake shiga kullum, wata rana za ka tarar ana jiranka a bakinta. Ko Joe Frazier, wanda ya yi ta kutsawa jikin Muhammad Ali a 1971 har ya kai shi ƙasa a turmi na goma sha biyar ya ci faɗan, da ya haɗu da George Foreman a Kingston a 1973, Foreman ture shi kawai yake yi da hannu biyu ya mayar da shi tsakiya, sannan ya ɗauke shi da naushi daga ƙasa. Sau shida ya faɗi cikin turmi biyu.

Wannan duk maganar fili ce, inda akwai alƙali, akwai ƙararrawa, akwai safa, kuma an tabbatar mutum ɗaya ne a gabanka ba komai a aljihunsa. Yanzu ina so ku gyara zama, don abin da ya sa na yi shirin nan da gaske shi ne wanda zan faɗa yanzu.

Na san da yawanku ba don kambu kuke koyon faɗa ba. Don hanya ne. Don lungun da kuke bi bayan isha'i, don masu ƙwacen waya. Kuma ina jin tsoron wani ya saurari rabin shirin nan ya fita yana jin ya samu laƙani.

A titi lissafin juyewa yake yi. Duk dalilin da ya sa muke shiga ciki shi ne naushi yana buƙatar fili kafin ya yi ƙarfi. Wuƙa ba ta buƙatar fili. Ba ta buƙatar juyin ƙugu, ba ta buƙatar ƙarfi, yaro ɗan shekara sha huɗu da bai taɓa atisaye ba zai iya yi maka illar da Tyson ba zai yi maka da hannu ba. Wurin da koci ya ce mini gidana ne, in akwai ƙarfe a hannun mutum, nan ne kabari. Kuma da dare ba ka ganinta. Da yawa waɗanda aka soka suna cewa sun ɗauka naushi ne, sai da suka ga jini.

Akwai wani abokin atisayenmu, ba zan kama suna ba, yana jin shirin nan kuma ya ba ni izini. A cikinmu babu wanda ya kai shi iya shiga. Wata rana da magariba yana tafe yana waya, wani ya sha gabansa ya ce kawo. Jikinsa ya yi abin da ya saba: ya kauce, ya shige, ya ɗauke yaron ya maka da ƙasa. Tsaf, yadda ake koyarwa. Yana kansa sai na biyu ya fito daga bayan wani kiyos. Allah ya sa ya ɗaga hannu, saran ya sauka a damtse maimakon wuya. An yi masa ɗinki, jijiya ta taɓu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, ba ya iya dunƙule hannun dama. Dambe ya ƙare masa. Wayar kuma sun tafi da ita duk da haka, kuma kuɗin asibiti ya ninka kuɗinta. Da na je duba shi, abin da ya ce mini shi ne, "Wallahi ban yanke shawara ba, jikina ne ya tafi." Wannan maganar ta hana ni barci, don mu muka koya wa jikin nasa tafiya, ba mu taɓa koya masa tsayawa ba.

Tun daga ranar, duk wanda na koya wa shiga sai na koya masa ja da baya da kallon hannu. Kuma ina gaya musu ƙarara: in waya ake nema, miƙa ta. Jefa ta gefe ma, ka bi ɗaya gefen. Ba ragwanta ba ce. Layinka za a dawo maka da shi a ofis, yatsa ba a dawo da shi.

Don ku san yadda tazara take yaudara, akwai wani ɗan sanda mai horarwa a Salt Lake City ta Amurka, Dennis Tueller. A 1983 ya wallafa sakamakon wani gwaji: mutum mai lafiya yana iya cin ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da ɗan sanda zai ɗauka ya zaro bindiga daga kube ya harba. Ku auna mita shida da rabi a tsakar gidanku ku gani. Za ka ce ai wannan yana nesa. Daƙiƙa ɗaya da rabi ne. To ina ga wanda ka bari ya zo taku biyu?

Shi ya sa a titi, kai ne dogon. Kai ne Joshua na Diriyah. Aikinka hana shi shigowa, domin shi ma ɓarawon dabarar ƙetare tazara yake yi, kuma jab ɗinsa baki ne. "Oga, ƙarfe nawa?" "Yallaɓai, don Allah ina ne hanyar kaza?" "Kai, ba kai ne ƙanin wane ba?" Yana ba wa kanka aiki ƙafarsa na matsowa, daidai abin da na koya muku ɗazu. Ba na ce duk mai tambaya ɓarawo ba ne, kar ku je ku fara hararar bayin Allah. Amma kana iya amsa tambaya daga nesa. Ka ɗan juya gefe, ka ɗago hannu biyu a buɗe a gaban ƙirji kamar mai ba da haƙuri, ka ce, "Malam, faɗi daga nan, ina jin ka." Wanda ya gani daga nesa zai ce lallashi kake yi. A gaskiya garkuwar ɗan dambe ce ka kafa. Mai tambayar gaskiya zai tsaya. Wanda ya ci gaba da matsowa bayan ka faɗi haka ya riga ya ba ka amsa, ka nemi haske da jama'a tun ƙafarka na da fili. Idonka kuma a kan hannunsa, musamman wanda ba ka gani.

To babu ranar da ake shiga a titi ke nan? Akwai, amma kaɗan ce, kuma ba kai kake zaɓenta ba. Bayanka bango, babu hanya sai ta inda yake. Ko ba kaya ake nema ba, kai ake nema, ana jan ka zuwa mota ko kango. Ko kana tare da wanda ba zai iya gudu ba, mahaifiya ko ƙaramin yaro. Ko an ɗaga maka gora kuma ba wurin ja. Gora ita ce makamin da lissafin fili yake aiki a kanta, don ƙarfinta a bakinta yake, kusa da hannun mai riƙon ba ta da wani abin kirki. In ya ɗaga ta sama kuma ba za ka iya fita ba, to ka shiga tun tana sama, hannu biyu rufe da kai, ka manne da damtsensa. Ja da baya rabin taku shi ne zai sa bakinta ya sauka a tsakar kanka.

Amma ko a nan, shigar ta fita ce. Ka ture, ka wuce ta gefensa, ka ba ƙafa iska kana ihu. Kada ka bi shi ƙasa, kada ka tsaya koya masa hankali. Abin da ya ci abokinmu ke nan, ya samu nasara a kan na farko ya zauna a kanta. Ƙasar titi ba katifa ba ce, kuma da wuya su zo su kaɗai. Sannan ko a doka, kare kai yana da iyaka: an yarda ka tunkuɗe cuta gwargwadon yadda ta zo maka, amma in mutum ya faɗi ko ya juya zai gudu ka bi shi kana duka, labari ya canza, kai za a tambaya.

'Yan'uwa mata da ke saurare, wannan ɓangaren ya fi shafar ku, don ku sau da yawa ba a nesa ake farawa ba, an riga an riƙe hannu ko mayafi. Wannan shiri ne guda, kuma ba ni zan yi shi ni kaɗai ba, akwai wata malama mai koyar da tekwando da ta yarda za ta zo mu zauna.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ka samu abokinka da alli. Ya miƙe hannu, ka ja layi daidai inda yatsunsa suke taɓa kafaɗarka, ka ja wani inda goshinka yake taɓa ƙirjinsa. Ba naushi, ba ƙarfi, tafi a buɗe. Shi aikinsa ya taɓa kafaɗarka, kai aikinka ka raka hannunsa gida ka taɓa cikinsa da tafi biyu, ka fita ta gefe, ba ta inda ka shigo ba. Minti biyu, ku canza. In kun gama, ku sake wani zagayen, amma wannan karon ya riƙe allin a hannu a matsayin wuƙa, kai kuma ka sa tsohuwar baƙar riga, ka gwada duk dabarar da ka iya. Bayan minti ɗaya ka cire rigar ka ƙirga layukan da ke jikinta.

Yaron nan mai kumburarren leɓe ya yi nasa ranar Talata. Ya ƙirga sha ɗaya, ya daina ƙirgawa. Amma a zagayen farko ya taɓa cikin dogon nasa sau huɗu, yana ta washe baki da leɓen a haka.

Mai walda ya kashe janareto, ni ma bari in tsaya nan. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida gida, a kuma sa waya a aljihu in an shiga lungu.